Na Tara a Littafin Uwar Kati

Uwar Kati ba ta iya magana da mutane ba, kuma ba ta taɓa musawa ba. Ka ce mata ina kwana, ta ce, "Lambarka nawa?" Shekara goma sha tara ina ba da magani a tagar da ke kusa da tata ta yankar kati a asibiti, ban ji ta tambayi lafiyar kowa ba.

Da aka damƙa mata littafin masu jiran aikin yanar ido, sunaye ɗari huɗu ta tarar. Ran Talata kaɗai likita ke yin aikin. Mutum takwas ake sa wa rana, uku ko huɗu ke zuwa. Wasu sun rasu, wasu sun bar gari, wasu an yi musu a wani wuri. Babu mai yarda ya soke suna, wai kamar yi wa mutum fatan mutuwa ne. Sai likita ya wanke hannu ya zauna jiran wanda aka binne bara.

Akwai wani tela, na ɗari uku da sha biyu. Duk wata yake zuwa, ƙanwarsa riƙe da hannunsa. Idon hagu ya rufe, na dama ya fara.

"Yaya, ko zare ba na gani," ya ce wa Uwar Kati.

"To ni allura ce? Koma gida."

Washegari ta jawo waya ta fara daga shafin farko. Tambaya biyu: yana raye? Zai zo? In a'a, ta ja masa jan biro. Cikin wata biyar gadon aikin bai sake zama ba kowa ba, tela ya dawo na tara.

Sai ta kira wani gida kwana biyu da rasuwar maigidan, ta jefa wa matarsa tambayar haka nan, ko gaisuwa babu. 'Ya'yan suka kai ƙara. Sun yi daidai, ni ma da kaiwa zan yi. Aka mayar da ita ɗakin tsofaffin fayiloli.

Ranar da za ta tashi, ta dire littafin a tagata, gaban wanda zai gaje ta.

"Kada wanda ya roƙar mini arziki. Takwas ɗin da ke gaban tela ku kira su kafin Litinin. In ɗaya ya ce ba zai zo ba, ku sa tela ran Talata. Kada ku bari idon nan ya kai wani watan."