Sanyin Motar Kawu Idirisu

Wallahi abin da zan ba ku ba labari aka ba ni ba, a gabana aka yi shi, shekarun baya lokacin ina walda a layin makanikai na Gadarif a ƙasar Sudan, rumfata jikin ta wani mai gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya mota, ana ce masa Usta Jibirin.

Kawuna Idirisu, wanda ya raine ni, yana da wata tsohuwar mota da yake jigilar fasinja zuwa Shuwak, kuma kullum da safe sai ya rufe gilasai ya kunna turaren wuta a cikinta kafin ya ɗauki kowa, duk layin an san shi da wannan. Da motar ta daina sanyi, gas irin na da kuma ya ɓace a kasuwa, sai ya kawo wa Usta. Mutumin nan ko inda yake yoyo bai duba ba, ya ɗura masa gas ɗin girki, bai kuma gaya masa ba. Sanyi kam ya yi, har Kawu yana sa masa albarka. Washegari da safe Kawu ya ƙyasta ashana, gas ɗin da ya yi yoyo a cikin motar ya kama da wuta. Kwanansa biyu a asibiti ya cika.

Na je na ce, "Usta, ka san yana kunna turare." Ko kallona bai yi ba, ya ce, "Ya zol, kai mutumin nan, kowa haka yake yi. Sanyi ya nema, sanyi na ba shi, kalas, shi ke nan." Daga ranar na tsane shi, tsana ta gaske, har na ajiye wani guntun rodi da sunansa.

Wata rana bayan azahar, ana zafin nan da ƙarfe ba ya taɓuwa, na ɗauki rodin na nufi motar Usta inda yake kishingiɗa. Ikon Allah! Gilasai duk sun yi raɓa ta ciki, inji a kashe, ga ƙanshin turaren Kawu ya cika wurin. Na kama marfi, sanyi ya cije mini hannu, ya ƙi buɗuwa. Da rodin da na zo fasa masa kai na fasa gilashin. Ni da 'yan layin muka jawo shi a sandare, haƙora suna kaɗawa, yana cewa, "Ku ce masa ya kashe, ya isa haka!" Wa? Ba kowa a ciki. Motar ma ba ta da mukayyif, ya daɗe da cire shi.

Har yau yana nan bakin tasha, cikin bargo biyu, yana bin rana yana rawar ɗari, likitoci ba su ga komai ba. In na wuce nakan ce, "Usta, ya sanyi?" Allah ya yafe mini, daɗi nake ji.

Sai dai akwai abin da ban taɓa faɗa wa dangi ba. Tukunyar gas ɗin tawa ce, ta shayi, ni na miƙa masa ta kan katanga, na san abin da yake yi da ita, ban tambayi motar wa ba. Tun bara hannuna na dama ba ya ɗumi ko a bakin wutar walda, watan nan kuma sanyin ya kai gwiwar hannu.

Jama'a, ku riƙa tambayar abin da aka zuba muku a mota. In kuma an ce ku miƙo, ku tambayi na wane ne.