Fetur a Akwatin Sola: Shekara Bakwai Bayan Yaya Mamman

Juma'ar da ta wuce Yaya Mamman ya cika shekara bakwai da barin duniya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Mutanen Kaoje da kewaye sun san shi da Mamman Mai Inji. Ni ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma a rumfarsa na koyi gyaran injin ban ruwa, sana'ar da nake ci da ita har yau. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan tara iyali a yi masa addu'a, a yi 'yar sadaka, shi ke nan. Bana addu'ar kaɗai ba ta sauke mini abin da ke raina ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami, duk da hannuna ya fi sabawa da sifana.

Yaya da kunne yake gyara. Manomi zai ɗauko inji a bayan babur tun daga fadama, kafin ya gama gaisuwa Yaya ya ce a tayar. Sai ya kafa bakin sukudireba a jikin injin, ya ɗora kunne a ƙotarta, ya lumshe ido kamar mai sauraron karatu. Can sai ka ji ya ce, "Wanga datti na, ya toshe kabureta." Ya kwance ta, ya wanke da fetur a cikin tsohon gwangwanin madara, ya hura, ya mayar, inji ya tashi. A wurinsa fetur shi ne sabulun inji. Haka ya koya mana, kuma shekara da shekaru wannan dabara ba ta taɓa ba mu kunya ba.

Da zai dawo yau ya tsaya bakin fadama da rani, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne shiru. Tsadar mai ta kori manoma da yawa zuwa sola. Ga farantai nan a jere suna kallon rana, ga ruwa yana bulbulowa cikin shinkafa, babu hayaƙi, babu ƙara. Na tabbata zai yi murna, don ya sha tausaya wa manomin da ke zubar da rabin amfaninsa a tankin inji. Amma na san tambayar da zai yi daga baya: in ya lalace, wa ke gyarawa?

Amsar ita ce ba kowa, ko kusan haka. Kaya na shigowa mota-mota, masu sayarwa sun cika kasuwa, hannun da ya san cikinsu ne ya yi ƙaranci. Idan famfo ya tsaya, sai manomi ya kwance akwatin da ke sarrafa wutar, ya ɗaure a babur, ya bi ta Illo ya tsallaka Benin neman mai gyara, shinkafa tana can tana jiran ruwa. Mu kuwa tsofaffin makanikai muna zaune a rumfa muna hura hanci, muna cewa abin yayi ne, zai wuce.

Rani biyu da suka wuce Malam Altine ya aiko a kira ni. Manomi ne dattijo, tun zamanin Yaya injinsa bai taɓa zuwa wata rumfa ba sai tamu. Ya sayi sola, famfon ya tsaya, ga shinkafarsa ta fara ɗaukar ciki, lokacin da ko yini biyu ba ta son rashin ruwa. Ya nuna mini wurin, ya tafi jana'izar wani maƙwabcinsa, ya bar ni ni kaɗai. Na kasa kunne a jikin akwatin, ban ji komai ba, don wannan injin ba ya magana. Na buɗe, na tarar da ƙura da gidan zanzaro a kan 'yan wayoyi da ban san sunan ko ɗayansu ba. Abin da ya kamata in yi a nan shi ne in rufe in ce ban sani ba. Amma yaya ƙanen Mamman Mai Inji, mai furfura a gemu, zai ce inji ya fi ƙarfinsa? Na ɗauko buroshi da gwangwanina, na wanke cikin akwatin tas da fetur, na mayar da wayar farantai rana tana tsaka. Tartsatsi ɗaya ya yi, hayaƙi ya tashi, komai ya ƙone.

Da Malam Altine ya dawo na riga na goge wurin na rufe. Na dube shi na ce kayan jabu aka sayar masa, dama ba zai yi ƙarko ba. Ya ce Allah ya kyauta, ya yi mini godiya. Kwana biyar ya ɗauka kafin ya samo wani akwatin daga tsallake, kuma gefen gonar da ya fi tudu bai yi ƙwaya ba a shekarar. Tun daga nan muna gaisawa a masallaci, amma ni ba na iya haɗa ido da shi. Ƙonewar akwatin kuskure ce, wannan na yarda. Ƙaryar ce ta zauna mini a ƙirji, kuma da sunan rumfar Yaya na yi ta.

A cikin wannan damuwa ne na tuna abin da na daɗe da binnewa, don a lokacinsa kunya ya ba ni. Yaya ba da inji ya fara ba, mai gyaran keke ne. Sa'ad da injunan ban ruwa suka fara shigowa fadamarmu ya riga ya haura shekara arba'in, da mata da 'ya'ya. Ya rufe rumfa, ya tsallaka Benin, ya zauna wajen wani makanike Badandi wanda Yaya ya girme wa nesa ba kusa ba. Yana share masa rumfa, yana miƙa masa sifana, ga Dandancin ma tsinta-tsinta yake yi. 'Yan kasuwar da ke zuwa can suka dawo da labari, gari ya ɗauka, ni kaina na guji majalisa saboda tsiyar abokai. Da ya zo gida hutu na ce masa ya zubar mana da girma. Ya yi dariya ya ce, "Girma mi za ya yi ma mai yunwa? Gemu ba ya hana ilimi, kai dai ka bari in dawo." Ya dawo, kuma waɗanda suka yi masa dariya su suka fara layi a ƙofarsa.

Ashe abin da na gada daga wurinsa gwangwanin fetur ne kawai, na bar babban gadon a ƙasa. Shi da kiɗa ya canza sai ya canza rawa, ni kuwa na tsaya ina taka ta jiya.

Bara aka buɗe ajin koyon haɗa sola da gyaranta a wata cibiyar koyon sana'a a Bagudo. Da na je, mai rubuta suna ya tambaye ni ina yaron da na kawo. Na ce ni ne yaron. Sai da aka kai ruwa rana kafin a karɓe ni, don an ce shirin na matasa ne. Malamarmu, Malama Hadiza, sa'ar 'yata ta biyu ce. Tana ce mini Baba, amma hakan bai hana ta sa ni in sake aiki sau uku ba. Ita ta koya mini riƙe mita, wadda ke auna wuta ta faɗa maka abin da kunne ba ya ji. Ran da na kwatanta mata irin tsayawar famfon Malam Altine, ban ce ni na taɓa shi ba, ta ce sau da yawa waya ce kawai ke sassautawa, aikin da bai kai shan shayi ba. Na koma gida ban iya cin abinci ba.

A ajin nan na ga rabin da kowa ya rasa. Samarin suna karanta zanen wayoyi kamar wasiƙa, amma ba su san zurfin ruwan fadama ba, ba su san inda ambaliya ke kaiwa ba balle su ɗaga farantai sama da shi. Ni na san waɗannan, ban san zanen ba. Masu shirya irin wannan horo, don Allah ku daina rufe ƙofa da shekaru. Tsohon makanike shi manomi ke kira idan abu ya lalace, ko ya iya ko bai iya ba. Idan ba ku koya masa ba, zai je da abin da ya sani, kamar yadda na je.

Rumfar Yaya ruwa ya cinye ta a wata damina, injunan da ya gyara yawancinsu sun zama ƙarfen gwangwan. Na daɗe ina tunanin me ya rage nasa, sai makon jiya na samu amsa. Bayan addu'ar cikar shekara bakwai na kasa zama, na tafi gidan Malam Altine. Muka zauna a zaure, na faɗa masa komai, fetur ɗin da ƙaryar, na ce ya yafe mini. Ya ajiye carbinsa, ya ɗago ya dube ni.

"Malam Sani, ai tun rannan na sani. Da nib buɗe akwatin warin mai nij ji, mai gyara na Benin ma shi ya hwaɗa min."

Na ce, to me ya hana shi magana shekara biyu, ko a kasuwa ban ji kowa ya ɗaga zancen ba?

"Mamman ya yi shekara ashirin yana tada min inji, bai taɓa yi min ƙarya ba. Ba ni tona asirin ƙanenai yana kabari."

Na sunkuyar da kai, hawaye suka zubo mini a gaban mutumin da na cuta. Shekara bakwai Yaya yana ƙasa, ashe har yanzu da mutuncinsa nake yawo a gari. Da na tashi tafiya Malam Altine ya raka ni bakin ƙofa, ya ce famfon ya fara rage ruwa kwana biyun nan, in zo jibi in duba masa.