Randunan Inna da Karatun Dutse

Shekarun baya, ina dawowa Ketare daga jami'a, na tarar da mahaifiyata tana shirin barin ginin tukwane, sana'ar da ta gada wurin kakata. An gine ramin da take ɗibar yumɓu, ta koma wani ta hanyar Pauwa. Tun daga nan duk randar da ta gasa sai ta tsage. Maƙwabta suka ce baki ne.

Ni kuwa ilimin duwatsu na karanto, abin da ya sa 'yan gidanmu suka mayar da ni abin tsokana. Yayana cewa yake an tura ni birni na koyo tsintar tsakuwa.

Ina juya wani tsingaro a hannu sai na ga fararen tsakuwoyi masu ƙyalli birjik a cikinsa. Murna ta kama ni, don na san dutsen nan. Ƙwayoyin cikinsa a jere suke, amma in zafi ya kai wani mataki sai su sake zama, ya kumbura farat ɗaya, in ya huce kuma ya tsuke. In wuta ta yi gaggawa, sai ya tsaga yumɓun.

Na ce, "Inna, ba baki ba ne, dutse ne ke motsi."

Ta dube ni. "Mi kika ce? Dutse na motsi? Allah ya shirye ki, ɗiyar nan."

Da ƙyar ta yarda mu gwada dabarata, da sharaɗin in wannan gashin ya lalace ta bar ginin har abada. Muka daka busasshen yumɓu muka tankaɗe. Da Inna ta gina randunan suka bushe, muka kunna wuta muka riƙa ƙara mata kara kaɗan-kaɗan, ina ta ba da umarni kamar na taɓa gina ko kasko. Da wuta ta mutu na hana a taɓa, muka bar randunan cikin toka har suka huce.

Da safe Inna ta ciro ta farko ta ƙwanƙwasa. Ƙara ta tashi tas. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta tsage. Sai ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabciyarmu.

"Hajiya, taho ki ji karatun ɗiyata."

An yabe ni a wurare bayan nan, amma babu yabon da ya yi mini daɗin wannan. Har yanzu Inna na gini. Ɗaya daga randunan tana gidana, kuma ba na wuce ta ban ƙwanƙwasa ba.