Baffa Rasha da Ƙeyata a Adis Ababa

Duk wanda ya san Baffa Rasha a garin Azare, a ƙasa ya san shi, yana tafiya. Ƙanen mahaifina ne, likitan dabbobi, kuma karatun da ya yi a Rasha zamanin kwaminisanci ne ya jawo masa sunan. Ya dawo da takardar shaida, da wata hula mai kunnuwa, da aƙidar cewa duk inda ƙafa za ta kai mutum, hawa mota almubazzaranci ne. Wani ɗan acaɓa ya taɓa tausaya masa a hanyar Itas, ya ce ya hau kyauta. Baffa ya ce shi ma in yana so ya sauko ya tura babur ɗin su jera, kyauta.

A gida kuwa komai rabon daidai ne. In ya sayo tsire, yankan da zai ci shi jikansa zai ci, wai a gidansa babu mai mulkin wani. Matarsa Hajiya ta tambaye shi to wa ya kafa wannan dokar, ya ce kwamiti. Ta ce su wa da wa ke cikin kwamitin?

"Ni," in ji Baffa.

Ni kuma kun san halina. Ni ne mutumin da kan kulle shago, ya kai gida, ya dawo ya taɓa kwaɗon. Malam Wasiwasi Baffa yake kirana. Da 'ya'yansa suka biya masa Umara, likita ya ce zuciyarsa ta yi rauni, sai Hajiya ta zaɓe ni in raka shi. Ta damƙa mini magungunansa, ta ce amana ɗaya ta ba ni: kada in bar shi ya yi doguwar tafiya a ƙasa. Tun daga ranar barci ya ƙaurace mini.

Jirginmu daga Kano ya ya da zango a Adis Ababa, babban birnin Habasha, aka kai mu masauki mu wuni kafin na Jidda. Na ce alhamdu lillahi, hutu ya samu. Ashe Baffa da kansa ya zaɓi wannan jirgin. Ya ce ƙasar nan ta taɓa yin irin mulkin su Rasha, an bar gine-gine da gumaka, kuma sai ya gan su. Na tuna masa likita, na tuna masa Hajiya, na ce aƙalla mu hau tasi. Ya ɗaura takalminsa ya ce kwamiti ya riga ya zauna.

Haka muka kama hanya. Garin a kan tudu yake, iskarsa ba ta cika ƙirji. Ina binsa da ledar magani da gorar ruwa ina haki, shi da aka ce ba shi da lafiya yana juyowa yana tambayata ko in zauna in huta.

Sai wata damuwar ta taso mini. Mutum yana kan hanyar Ɗakin Allah, ya je ya tsaya a gaban gunki? Babu malamin da zan tambaya, ni kuma karatuna bai wuce firamare da 'yan surori ba. Sai na yanke wa kaina fatawa: zan bi Baffa saboda amana, amma duk inda aka sassaƙa mutum, baya zan ba shi.

Muka isa wata doguwar hasumiya mai jan tauraro a ƙololuwa, da sojojin ƙarfe a gindinta. Na juya na fuskanci titi. Baffa yana bayana yana ta bayani, ga guduma ga lauje, alamar ma'aikaci da manomi, ni kuwa motocin haya nake kallo. Ya roƙi wani saurayi ya ɗauke mu hoto. Saurayin ya yi ta yi mini alama in juyo, Baffa ya ce masa ya ɗauka kawai, ta nan ɓangaren na fi kyau.

Daga nan ya ja ni neman wani ƙaton gunki na wani shugaba mai sanƙo, da ya ce ya sha gani a mujalla. Muka yi ta zagaye, har wani dattijo ya gaya mana an tumɓuke shi tun ranar da mulkin ya faɗi. Baffa bai karaya ba. Ya tsaya ya yi wa filin bayani tiryan-tiryan, sannan ya ce, "Juyo, Malam Wasiwasi, wannan halal ne, babu kowa." Aka ɗauke mu hoto, shi ne kaɗai hoton da fuskata ta fito, mu biyu a gaban babu.

A hanyar komawa muka zo wani gini mai gumakan mata a ƙofarsa. Na ba su baya kamar yadda na saba, ina jiran bayani. Shiru. Na ce Baffa? Shiru. Na juyo, babu Baffa.

Inna lillahi! Ga maganinsa a hannuna, ga garin da ban san ko sannu da harshensu ba. Fatawar tawa ta watse nan take. Na zagaya gumakan nan, na leƙa bayansu, na kalli kowacce ido cikin ido kamar za ta gaya mini inda ya yi. Mai gadin wurin ne ya ga ina shirin kuka, ya nuna mini ciki.

Gidan tunawa ne da mutanen da wancan mulkin ya kashe. Bango guda cike da hotunan samari da 'yan mata. Baffa na zaune a kan benci, hannunsa a ƙirji, yana bin fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Na ba shi magani ya sha ba musu. Can ya ce yana da abokin ɗaki Bahabashe a Rasha, da shi suke raba burodi daidai. Abokin ya koma gida da murnar ƙasarsu ta kama hanya, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Na ce, "Baffa, ka gan shi?"

Ya ce, "Na manta fuskarsa, Sale. Duk wanda na kalla sai in ga kamar shi ne."

Ban taɓa jin ya kira ni da sunana ba sai ranar.

Mun yi Umara lafiya. Muna sauka Azare, tun a zaure, kafin Hajiya ta gama yi mana sannu da zuwa, na zazzage mata komai, har da ɓatan. Baffa ya girgiza kai ya ce da ni da rediyo, gara rediyo, ana iya kashe shi. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Hajiya ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ta ce, "Sale, shekara nawa ina tare da mutumin nan ban hana shi ba, sai kai? Na zaɓe ka ne don na san ko ina ya faɗi, kana kusa."

Bara da damina ya faɗi, a hanyar masallaci, kuma ina kusa. Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Ya ba Hajiya haƙuri, mu kuma ya sa mu cika da imani.