Goggo Mai Shara da Jerin Sunaye Biyar

Shekara ashirin da biyu Goggo ta yi tana share makarantar firamaren unguwarsu. Hedimasta huɗu ta gani, kowanne ya zo da sabuwar doka da sabon labulen ofis, ya tafi ya bar ta da tsintsiyarta. Ta kama aikin ne bayan rasuwar mijinta, wani direban motar kaya, kuma Allah bai ba su haihuwa ba. Yara na ce mata Goggo, malamai ma Goggo, amma ga mutum ɗaya kawai take goggo ta jini: 'yar ƙanenta, wadda ta ɗauko tana shekara uku, ta raine ta a ɗakinta ɗaya da ke bayan makarantar.

Aikinta yana farawa ne idan an tashi. Ɗakuna goma sha biyu, ta ɗaga benci, ta share, ta kwashe guntayen takardu, a ƙarshe ta jiƙa tsumma ta goge allo. Ba ta iya karatu ba, ko harafi ɗaya. Amma wanda ya shekara ashirin yana goge allo ai ya san hannun kowa. Ta san rubutun malamin lissafi, mai kwanciya gefe kamar zai faɗi, ta san na malamar kimiyya, ƙanana ƙanana a cunkushe. Shi ya sa ta riga kowa lura cewa a ajin 'yarta hannu ɗaya ne ke cika allon tun daga sama har ƙasa, kuma hannun ba na malami ba ne.

Abin ya faro ne a aji huɗu. Yarinyar kan gama aiki kafin sauran su kai rabi, sai ta hau tambaya, tambayar kuwa irin wadda ke sa malami ya fara duba agogo. Rannan malamin lissafi ya gaji, ya miƙa mata littafinsa da alli, ya ce tunda ta gama ta hau benci ta rubuta wa sauran. Ta rubuta tsaf, har ta gyara masa kuskure biyu ba ta ce uffan ba. Shi ke nan, an samu hanya. Kafin zangon ya ƙare malamai bakwai sun gane, kowa ya shigo sai ya miƙa littafi ya koma ɗakin malamai ya miƙe ƙafa yana danna waya. Yara suka sa mata suna 'Yar Allo. Wanda bai gane darasi ba ita yake tambaya, don ita ce a gaban ajin.

Goggo kuwa, Allah ya yafe mata, alfahari ta yi ta yi da abin. Idan tana wanke rigar makaranta ta ga hannun dama ya yi fari fat da alli, sai ta ɗaga wa maƙwabta tana cewa su duba, 'yarta ce ke koyar da aji guda. Shekara uku tana wannan murnar.

Ana cikin aji shida takarda ta zo daga ma'aikatar ilimi. Kowace makaranta ta turo yara biyar mafiya hazaƙa su zauna jarrabawar shiga makarantar haziƙai, ta kwana, karatu da littattafai duk kyauta. 'Yan aji shida kaɗai ake ɗauka, wanda ya rasa a shekararsa ya rasa ke nan. Hedimasta ya kafa kwamiti, ya ɗora malamin lissafi a kai. Suka raba maki biyu: rabi na jarrabawar zango, rabi na aikin aji. Aikin aji kuma a wurinsu abu ɗaya ne, a tara littattafan rubutu a kan tebur, a buɗa a ga an kwafe darasi duka, a ga sa hannun malami da jan biro.

A jarrabawa yarinyar ce ta ɗaya, da rata mai nisa. Da aka buɗe littattafanta sai aka tarar da su fayau, in ban da suna da kwanan wata. To, don Allah yaushe za ta rubuta? Hannu biyu gare ta, ɗaya riƙe da alli, ɗaya da littafin malam. Mutanen nan bakwai suka zauna, kowannensu ya san dalili, suka ba ta sifili, suka haɗa lissafi ta zo ta goma sha tara. Babu wanda ya ko yi tari.

Yarinyar ta dawo gida ta faɗa wa Goggo. Washegari Goggo ta jingine tsintsiya a bakin ofis, ta yi sallama, ta shiga ba da bokiti ba, karo na farko tun da ta kama aiki.

"Ranka ya daɗe, yaran nan biyar da aka zaɓa, littattafansu cike suke?"

"Cike suke, Goggo."

"Daga ina suka kwafa?"

"Daga allo mana."

"Wa ya rubuta allon?"

Hedimasta ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce shi ƙa'ida yake bi, ba ya zaɓen kowa da son rai. Amma don darajar shekarunta, in yarinyar ta kawo littattafai cikakku kafin ranar Litinin da tsakar rana, lokacin da za a kai sunaye ma'aikata, za a sake dubawa.

Kwana uku suka rage. Yarinyar ta je ta aro littattafan wata ƙawarta, ta zauna a kan tabarma tana kwafar darussan da ita ta rubuta da hannunta, daga wajen wadda ta kwafa daga gare ta. Darasi tara, na shekara guda. Goggo ta hana ta ko ɗaukar cokali, ita ke ɗebo ruwa, ita ke girki, in yatsun suka ƙage ta tsoma su a ruwan ɗumi ta matsa. Wani lokaci ta ji yarinyar ta yi dariya ita kaɗai, ta ce ƙawar tata ta tsallake layi biyu a nan, amma ba komai, ta tuna su. Goggo dai ba dariya take ji ba, ranta ne ke tafasa, tana ta jan tsaki har maƙwabciya ta leƙo ta tambayi lafiya.

Litinin da safe suka shiga da littattafai tara, ɗan yatsan yarinyar a kumbure. Hedimasta ya buɗa, ya yaba, ya ce saura sa hannu. Malamar kimiyya ta ce in shugaban kwamiti ya sa ita ma za ta sa. Sauran suka ce haka. Goggo da yarinyar suka tarar da malamin lissafi a ɗakin malamai yana shan shayi. Ya juya shafi biyu uku, ya rufe, ya turo littafin da ɗan yatsa.

"Goggo, sa hannun nan shaida ce cewa na duba aikin a ranar da aka yi shi. Wannan kuwa jiya aka yi shi. So kike in yi ƙarya?"

Goggo ta tsaya tana kallonsa. Ta san abin da yake gudu: in jami'in ma'aikata ya ga sa hannun shekara guda da tawada ɗaya, zai tambayi dalili, dalilin kuma shi ne malam bai riƙe alli ba shekara uku.

"Malam, ni ban yi boko ba," ta ce. "Amma ni ke goge allon nan kullum. Tun yarinyar nan tana aji huɗu ban goge rubutunka ba ko sau ɗaya. Yau ne ka tuna da ƙarya? Ka ci guminta kana zaune, yanzu kuma biro ɗinka ya fi ƙarfin littafinta. Wallahi ban yafe ba."

Malamar kimiyya ta sunkuyar da kai tana gyara takardu. Wani ya ce Goggo ta yi haƙuri, ta tuna matsayinta. Da tsakar rana masinja ya hau babur da ambulan, sunaye biyar, babu nata.

Goggo ta ɗauka korarta za a yi da hedimasta ya aiko kiranta bayan kwana biyu. Ashe roƙo ne. Ya ce jarrabawar nan tana da wuya, an aiko da tambayoyin shekarun baya, kuma mutuncin makaranta ne a ce yaran sun ci. Ko za ta bar yarinyar ta riƙa tsayawa awa ɗaya bayan an tashi, ta ɗan taimaka wa biyar ɗin? Goggo ta ce masa sai dai bayan ranta, ta fito ko sallama ba ta yi ba.

A gida ta ba yarinyar labari tana huci, tana jiran a taya ta. Yarinyar ta murza yatsanta, ta ɗago kai.

"Goggo, tambayoyin na hannunsu?"

"Yo ina ruwanki da su?"

"Ki bar ni in je. Ina so in ga irin abin da ake tambaya. Ko gani ne in yi, in san ko da zan iya."

Washegari Goggo ta share ɗakuna goma sha ɗaya, ta zo ta zauna a kan bokiti a bakin aji shida tana jira a gama. Tana jin muryar 'yarta daga ciki, a hankali, tana cewa su sake dubawa, wannan ba ta da wuya, bari ta nuna musu.