Ranar da Alwyn Bai Tashi Ba

Alwyn Hepworth tsohon direban bas ne a wani ƙaramin gari na yankin Yorkshire a Ingila. Magana ba ta dame shi ba, in ka ga haƙoransa a waje to wasan kurket ake yi. Shi da yayansa Clifford tun suna 'yan gajeren wando suke bin wasan, kuma tun lokacin ubansu ya kafa musu doka: muddin 'yan Ingila ne ke bugu, inda kake zaune nan za ka dawwama. Ba tashi, ba canja kujera, ko fitsari ya matse ka sai dai ka cije. In ka motsa aka fitar da ɗan wasa, kai ka jawo. Kada ka yi dariya, rabin garin sun yarda da haka. Clifford ya taɓa yin gaba da Alwyn don kawai ya tashi ɗora shayi.

Shekaru suka ja. Alwyn ya ajiye aiki, matarsa ta rasu, Clifford kuma ciwon huhu ya kai shi gidan kula da tsofaffi. Ana gobe wasan ƙarshe na cin kofi Alwyn ya je duba shi, ya tarar duk ya zube, ga robar numfashi a hanci.

"Gobe nan zan wuni, Yaya, mu saurara tare."

"Ka zo ka yi me?" in ji Clifford. "Tun da aka fara gasar nan kana kan kujerarka ta gida, kuma ci ake yi. Kada ka ja mana."

"Jikinka fa?"

"Ina ruwanka da jikina? Kai dai je ka dasa ɗuwawu, tsohon banza."

Washegari Alwyn ya cika butar shayi, ya yanka burodi da cuku, ya ajiye a inda hannunsa zai kai, ya zauna gaban talabijin. Da yamma 'yan Ingila suna bugu, wasa ya yi zafi, sai wayar da ke bakin ƙofa ta fara ƙara. Babu mai kiran wannan wayar yanzu sai gidan tsofaffi. Ya sani sarai. Ta yi ƙara har ta katse, ta sake farawa. Ya dubi ƙofar falo, ga ta nan kusa, ya dubi yaran da ke bugu. Ba wai ya yanke shawara ba ne. Hannayensa dai suka riƙe kujerar, har wayar ta gaji ta yi shiru.

Aka ci kofin. Maƙwabta suna dukan bango, motoci suna ta hon a titi, wani ƙato ya fito ba riga yana rungumar duk wanda ya samu. Abin da Alwyn ya yi rayuwarsa yana jira ke nan, ga shi ya zo, amma bai ji komai ba, kamar bakin da likitan haƙori ya yi wa allura. Da ya miƙe ma ƙafafunsa sun mutu, sai da ya dafa bango.

A bakin ɗakin Clifford ya haɗu da Bernadette, ma'aikaciyar da ke jinyarsa.

"Sannu, Baba. Ya cika ɗazu. Na yi ta kiran ka."

"Na ji," in ji Alwyn.

Ta ce, "Yana jin lokacin da nake kira. Da na ce masa ba ka ɗauka ba, sai ya ce, 'Yawwa, yaron yana zaune.' Daga nan bai ƙara magana ba."

"Ya ji ƙarshen wasan?"

"Bai kai ba."

Alwyn ya shiga. Ƙaramar rediyon Clifford tana nan kusa da matashin kai, ba wanda ya tuna ya kashe ta, masu sharhi sai ihu suke yi. Ya tsaya kan yayansa, ya jira ko hawaye zai zo, bai zo ba.

"Mun ci, Yaya," ya ce.

Bernadette ta jawo masa kujera bakin gadon. Ya dube ta, ya dubi kujerar.

"Bar shi, 'yar nan. Na yi zaman da zan yi."