Ranar da na ce wa sarki "ke"

Shekarun baya kaɗan, ina gama lakol, wato makarantar boko, a Agiye, na zauna na tsara wa kaina abin da nake gani babban aiki ne: kowane wata in karanta tsohon littafi guda, irin na Hausa da iyayenmu suke ba da labarinsu, har shekara ta zagayo. Ƙawata ce ta samo mini su wurin kawunta da ke fatauci zuwa Katsina. Na jera su bisa akwati ina kallo, ban ko buɗe ɗaya ba, sai tallar shirin nake yi a unguwa.

Mahaifiyata ta fi kowa murna. Ta ce, "Tunda Hausa ce, ai sai ki karanta mu ji mu ma." Ranar Juma'a bayan la'asar ta shimfiɗa tabarmi, ta kira maƙwabta, tana ce musu ɗiyarta mai karatu za ta ba su labari.

Abin da ban taɓa tunani ba shi ne, duk zamana a lakol da Faransanci aka koya mini haruffa. Hausa a baki nake da ita, ban taɓa bin ta a shafi ba. Ina buɗe littafin sai bakina ya bi hanyar da ya saba. "Gida" ya fito "jida", "ya ce" ya koma "ya se". Duk da haka na ci gaba. Sai na zo inda wani bafade ke cewa, "Kai ne sarki." Na karanta da ƙarfi, "Ke ne sarki."

Wata maƙwabciyarmu ta ce, "To fa. Yau sarki ya ɗaura zane." Aka kwashe da dariya, har da masu tafawa.

Na kasa ɗago kai. Inna ta miƙo hannu ta rufe littafin a hankali, ta ce, "Ku bar mini yarinya. Wannan Hausar can ƙetare ce, ba irin tamu ba." Na san ba haka ba ne. Ita ma ta sani, don na ga yadda ta naɗe tabarmin ba ta dubi kowa ba.

Littafi goma sha biyu na yi niyya, guda na gama a shekarar, ƙawata na nuna mini harafi harafi kamar 'yar ajin farko. Inna kaɗai nake karanta wa, tana ɓarar gyaɗa.

Dariyar maƙwabta ta daɗe da wucewa. Abin da har yanzu ke damuna shi ne, na sa mahaifiyata ta yi ƙarya gaban mutane don ta rufa mini asiri. Ko yau na ci karo da "kai" a shafi, sai na tsaya na sake dubawa kafin in furta shi.